Tattalin Gida: Tsakanin Tawakkali da Rowa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata tambaya da takan taso tsakanin ƴan'uwa, musamman da kaka, lokacin da damman hatsi ke shiga rumbuna kuma bukukuwa ke ƙaruwa. Tambayar ita ce: mutumin da ya ce ya dogara ga Allah, yana wuridi safe da yamma, yana shaida cewa arziki a hannun Allah yake, shin ya dace da shi ya zauna yana ƙidayar tiya, yana lissafin abin da gidansa zai ci a watan Yuli tun ana cikin Nuwamba? Wannan lissafin bai zama rashin yarda da alkawarin Ubangiji ba? Kuma idan ya halatta, ina iyakarsa da rowa?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a kusan kowace unguwa akwai mutum biyu da aka sani. Ɗaya hannunsa a sake yake. In ya samu, kowa ya samu, kuma kalmarsa kullum ita ce Allah zai kawo. Ɗayan kuwa yana auna abin da ake ɗorawa a murhu, yana tambayar inda canji ya shiga. Jama'a kan yabi na farko, su kira na biyu marowaci. Amma in damina ta yi tsakiya, sau da yawa na farkon ake gani a ƙofar na biyun yana neman ranta. Wani lokacin kuma zargin jama'a gaskiya ne: mai lissafin nan marowaci ne tsantsa, rumbunsa cike, iyalinsa da yunwa. Tun da siffar waje ba ta rarrabewa, dole a nemi ma'auni a wani wurin.

Hujjar masu ganin ajiya rauni ce

Masu ganin cewa tanadi raunin yaƙini ne suna da abin kafa hujja, kuma bai kamata a raina shi ba. Annabi (SAW) ya buga misalin cikakken tawakkali da tsuntsaye, waɗanda ke fita da safe cikinsu wayam, su dawo da yamma a ƙoshe, ba su da rumbu ba su da asusu. Sayyidina Abubakar (RA) ya kawo dukiyarsa gaba ɗaya lokacin da aka nemi a ciyar saboda Allah, kuma an karɓa daga gare shi. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda watanni kan shuɗe ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, dabino da ruwa kawai ake rayuwa a kansu. Tarihin bayin Allah kuma cike yake da waɗanda ba su kwana da abin gobe. Duk wanda ya ɗanɗani wani abu na tafarkin tarbiyya ya san cewa son tara abu cuta ce ta zuciya, kuma tsoron talauci na daga cikin manyan ƙofofin da Shaiɗan ke shigowa ta cikinsu.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gaskiyar tana da ɗaya ɓangaren.

A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) ya fassara mafarkin sarkin Masar da shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari. Shawarar da ya bayar ita ce a yi noma tuƙuru, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan, a ajiye saura. Manomin Gobir ko na Damagaram ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, domin haka kakanninsa suka yi: hatsi a dami ya fi jimawa a rumbu fiye da wanda aka sussuke. Wanda ya tsara wannan ajiya Annabi ne ɗan Annabi, kuma ba wanda zai ce tawakkalinsa ya yi rauni.

Ya kuma tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Annabi (SAW) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara daga dabinon gonakin Banun Nadir. Lokacin da Allah Ya karɓi tubar Ka'abu ɗan Maliku (RA), ya so ya sadaukar da dukan abin da ya mallaka don godiya, sai Annabi ya umarce shi ya riƙe wani sashi, ya nuna masa hakan ya fi masa alheri. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya yi rashin lafiya ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, aka tsayar da shi a sulusi, aka ce ko sulusin ma da yawa, domin barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙon mutane. Ga kuma mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara.

To me ya sa aka karɓa daga Abubakar aka hana Ka'abu? Malamai sun amsa cewa hukuncin yana bin halin mutum da halin waɗanda ke ƙarƙashinsa. Wanda zuciyarsa ba za ta girgiza ba in ya wayi gari babu komai, kuma iyalinsa sun yarda da hakan da son ransu, yana da tasa daraja. Wanda kuwa zai bayar yau, gobe ya kwana yana juyi, jibi ya je ƙofar wani, riƙewa ta fi masa. Imamul Gazali ya yi bayanin wannan a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya kasa ajiya mataki uku: ta yini da dare, ta kwana 40, da ta shekara guda. Ya nuna cewa mai iyali bai fita daga tawakkali ba don ya ajiye musu abincin shekara. Dalilin a fili yake. Mutum yana da ikon zaɓar wa kansa yunwa don ya horar da ransa, amma ba shi da ikon zaɓar wa matarsa mai shayarwa ko yaronsa ɗan shekara uku. Ciyar da su wajibi ne, kuma an gargaɗi mutum cewa tozarta waɗanda yake ciyarwa ya ishe shi zunubi.

Ko tsuntsayen da aka buga misali da su, fita suke yi. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuma aikin gaɓɓai. Wurin rumbu tsakar gida ne. Laifin yana farawa ranar da ya tashi daga can ya koma tsakar zuciya.

Abin da ƙasar nan ke koyarwa

A kudancin Nijar ruwan sama na wata uku ne zuwa huɗu, ci kuwa na wata goma sha biyu ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tanadi a nan wani sashi ne na hankalin da Allah Ya ɗora wa mutum, kamar yadda tona rijiya yake ga mazaunin busasshiyar ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana buƙatar buhu 9 da ɗoriya kafin wata kakar ta zagayo, ban da iri, ban da baƙo, ban da zakka, wadda a noman ruwan sama take ɗaya cikin goma in amfanin ya kai nisabi. Mai gidan da ya san wannan tun ranar da aka ɗaure dami na ƙarshe ya san abin da zai iya sayarwa da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Wanda bai yi lissafin ba, hanyarsa sananniya ce. Da kaka, lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa kuma farashi ya faɗi, sai ya sayar don biki ko don sabuwar waya. In Yuni ta kama, rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau, sai ya koma ya sayi irin hatsin da ya sayar da tsada. In babu kuɗi ya ci bashi a kan amfanin da ko tsirowa bai yi ba. In abin ya ƙara tsanani ya ci irin shuka, ko ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar wani don abincin yini. Gonar da ba ta samu noma a kan lokaci ba kuwa ba ta ba da abin kirki, sai shekara mai zuwa ta fara da gibi. Waɗanda suka ga shekarar 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin da suka ci amfanin 2004, suna tuna yadda abinci yake a kasuwannin Maraɗi da Damagaram amma hannun talaka bai kai gare shi ba.

Ba kowane mai yunwa ne ya jawo wa kansa ba. Akwai fari, akwai ciwo, akwai gonar da ta yi wa iyali kaɗan, kuma zargin irin waɗannan zalunci ne. Maganar tana kan wanda Allah Ya ba abin da zai kai shi, ya watsar, sannan ya kira watsarwar tawakkali. A ƙarshe irin wannan mutum ba ga Allah yake dogara ba. Ga ɗan'uwansa mai lissafi yake dogara, ga mai kanti, ga ɗan da ya tafi ci-rani.

Ƙananan ƙofofi

Dukiyar gida ba ta cika fita ta babbar ƙofa ba. Dala 20 a rana ba ta ɗaga wa kowa hankali, amma a shekara ta haura jika 36. Mutum nawa ne ke kashe fiye da haka kullum a shayin fada, da kuɗin waya don hirar da ba ta da amfani, da ƴan ƙwalam na bakin hanya, sannan in an ce kuɗin magani ko na littafin yaro ya ce babu? Shayi halal ne, zumunci ta waya alheri ne. Abin dubawa shi ne mutum ya san nawa suke ci, kuma ya san abin da suka ture.

Akwai kuma tsadar saye kaɗan-kaɗan. Mai sayen sukari ƙulli-ƙulli da mai cokali-cokali yana biyan fiye da wanda ya saya a dunƙule, kuma in a kan bashi ne ba ya da bakin ciniki. Gidaje uku ko huɗu da suka haɗa kuɗi suka sayi buhu da kaka suka raba, sun yi wa kansu abin da babu mai yi musu. Wannan ita ce hikimar adashi da bankunan hatsi na ƙauyuka, kuma ita ce ta sa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a jihar Maraɗi a 1991, suka bazu har wajen ƙasar: kaɗan-kaɗan na mako-mako ya zama jari. Abin kiyayewa ga musulmi a duk irin wannan haɗaka shi ne a nisanci kuɗin ruwa, a kuma riƙe amana.

Tsofaffin mata sun san wannan ilimi ba tare da sun karanta shi ba. A gidansu tuwon da ya kwana ɗumame ne, ƙanzo abinci ne, dusa da ƙasari na dabbobi ne, tsaki na kaji. Ana jiƙa wake tun dare don kada ya ci itace, ana rufe tukunya, ana kare murhu daga iska, ana janye itacen da ya rage a kashe shi don gobe. Duk wannan yana da asali a sunna. An umarci mai ci in lomarsa ta faɗi ya ɗauka ya share ta ya ci, kuma ya suɗe kwano, domin bai san a wane ɓangare na abincin albarka take ba. Wanda ke zubar da ragowar shinkafa a kwata yana iya zubar da albarkar gidansa bai sani ba.

Haka batun ruwa. Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita guda ba, ya yi wanka da sa'i ɗaya ko ɗan fiye. An kuma ruwaito cewa ya hana ɓarnar ruwa a alwala ko da mutum yana bakin kogi mai gudu. A nan ne sirrin al'amarin yake bayyana. Kogi ba ya ƙarewa don an ƙara tafi biyu, saboda haka hanin bai tsaya ga tsoron ƙarewa ba. Ana hore zuciya ne ta san cewa ni'ima tana da Mai ita. Muridin da ke sakin famfo yana zuba yayin da yake shafar kai, a garin da mata ke bin layi da jarka, ya manta da wani ladabi a daidai lokacin da yake shirin tsayawa gaban Ubangijinsa.

Babbar ƙofa: idon mutane

In ƙananan ƙofofi na ɗiban dukiya a hankali, biki yana kwashe ta a yini ɗaya. Aure, suna, lefe, kayan ɗaki, anko: a nan ne mai hankali ma kan rasa hankalinsa. Uba ya sayar da gona ko saniyar noma don a ce ɗakin ƴarsa ya fi na ƴar maƙwabci. Mace ta ci bashi don zanen da za ta ɗaura sau ɗaya. In an bincika, ba farin cikin amarya ake saye ba, bakin mutane ake toshewa.

Ma'abota tarbiyya suna da suna ga aikin da ake yi don idon halitta, sunan kuwa riya. An saba jin tsoronta a salla da sadaka, an manta tana shiga tukunyar biki. Walima sunna ce, amma da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi aure, abin da aka ce masa shi ne ya yi walima ko da da akuya ɗaya, shi da ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Walimar Annabi ta auren Nana Safiyya (RA) da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, babu nama babu gurasa.

Wannan ma'aunin bai tsallake ayyukan da ake yi da sunan ƙauna ba. Maulidi da ziyara da hidimar zawiya ƙofofin alheri ne, kuma wanda ya ciyar a cikinsu daga yalwarsa ya yi ciniki mai riba. Amma wanda ya bar gida babu cefane, ya ci bashin da bai san ranar biya ba don ya yi ɗinki ya shiga mota a gan shi cikin tawaga, ya gabatar da nafila a kan farilla. Annabi (SAW) yakan yawaita neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa mai bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bashin lalura ba abin kunya ba ne. Na ado shi ne ke cin gaskiyar mutum kaɗan-kaɗan, har ya riƙa sauya hanya don kada ya haɗu da ɗan'uwan da suke zama sahu ɗaya.

Inda tattali ya rabu da rowa

Alƙur'ani ya yabi bayin Mai rahama a Suratul Furƙan da cewa ciyarwarsu tana tsakanin ɓarna da ƙwauro, a Suratul Isra'i kuma ya hana ƙuntata hannu kamar yadda ya hana sakinsa gaba ɗaya. Hani biyu ne, kuma mai gudun ɗaya yana iya faɗawa ɗayan. Shaiɗan ba ya damuwa da ta wane gefe mutum ya faɗi. Akwai tambayoyi uku da muridi zai iya auna kansa da su.

Ta farko: daga rabon wa ake ragewa? Mai tattali yana farawa da son ransa. Shayinsa yake ragewa, da ɗinkinsa, da yawonsa. Marowaci yana farawa da haƙƙin wasu: kuɗin cefane, maganin mata, ladan ɗan ƙwadago. Mai gidan da ke cin tsire a tasha shi kaɗai sannan ya dawo yana faɗa a kan yawan man miya bai san tattali ba, zalunci ya sani.

Ta biyu: me ke faruwa in haƙƙi ya ƙwanƙwasa ƙofa? Zakka ta wajaba, baƙo ya sauka, maƙwabci ya kwana da yunwa, mahaifiya ta kwanta ciwo. Mai tattali yana buɗe rumbu da sauƙin rai, domin don irin wannan ranar ya rufe shi. Marowaci yana jin kamar ana yankar naman jikinsa, ya shiga neman uzuri. An faɗa a hadisi cewa abincin mutum biyu yana isar uku, kuma gidan da aka saba auna abinci shi ya fi sanin gaskiyar wannan.

Ta uku: ina zuciya take in ajiyar ta taɓu? In gara ta shiga, ko gobara, ko ɓarawo, kowa zai ji zafi. Amma wanda ya ɗauki abin a matsayin amana yakan yi istirja'i ya tashi ya sake nema, sallarsa ba ta canza ba. Wanda ya mai da shi madogara kuwa, rushewar rumbun rushewarsa ce. A nan ake gane wanda ya ajiye hatsi da wanda hatsi ya ajiye.

Da wannan ma'auni, ɓarna da rowa ƴan uwa ɗaya ne, domin dukansu sun ɗauka dukiyar tasu ce: ɗaya ya ce tawa ce in watsar, ɗaya ya ce tawa ce in hana. Mai tattali na gaskiya ya san shi wakili ne. Za a tambaye shi inda ya samo da inda ya kashe, saboda haka yake lissafi tun a nan. Ƙidayar tiya a wurinsa reshe ce ta muhasabar da yake yi wa ransa kafin ya kwanta.

Amfanin da ya fi kuɗi

Ribar tattali ba ta tsaya ga jikunan da suka rage a aljihu ba. Mutumin da buƙatunsa kaɗan ne yana da ƴancin da mai yawan buƙata ba shi da shi. Sananne ne a tarihin ƙasar Gobir cewa Sarki Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar idi ya yi musu kyauta, ya ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zinariya mai yawa. Shehu bai karɓa ba. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar, daga ciki har da a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, a saki fursunoni, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Da yana da bashi a wuyansa ko rayuwar da sai da kyautar sarki take tsayawa, da bakinsa bai iya furta wannan ba.

Abin da ya tabbata ga manya yana tabbata ga ƙanana gwargwadonsu. Mai gidan da ba a binsa bashi yana iya faɗin gaskiya a gaban mai kuɗi. Yana tsayawa salla zuciyarsa ba ta wurin mai kanti. In an zo neman taimakon maraya yana da abin miƙawa, ko tiya ɗaya ce. Annabi (SAW) ya bayyana cewa wadata ta gaskiya ita ce wadatar zuci, kuma wadatar zuci, kamar kowace ɗabi'a, da horo ake samunta: yau a bar abin da ake so alhali ana iya saye, gobe a ba da abin da ake so alhali ana iya riƙewa. Mai yin na farko kaɗai zai ƙare a rowa. Mai son yin na biyu ba tare da na farko ba, hannunsa zai riga zuciyarsa ƙarewa.

Allah Ya azurta ƴan'uwa da wadatar zuci, Ya sanya albarka a kaɗan da mai yawa, Ya tsare gidajen musulmi daga ƙangin bashi da kunyar roƙo, Ya sa abin da ke hannu ya tsaya a hannu kada ya shiga zuciya. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya ji ƙan magabata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.